Jijiyar Kafaɗar Kafinta

Shekara talatin da ɗaya ta yi tana miƙa wa likitoci almakashi a ɗakin tiyata kafin ta yi ritaya, shi ya sa ranar da za a yi wa ƙaninta bayanin aikin kafaɗarsa ta ce ƙafarta ƙafarsa. Kafinta ne. Gaɓar kafaɗarsa ta dama ta cinye, ƙashi na gugar ƙashi, har jan zarto ya gagare shi. Za a cire ta a sa ta ƙarfe.

Likitan ya jawo takarda ya zana. Akwai wata jijiya mai faɗi a gaban kafaɗa, in ji shi, ita ta tare hanya. Dole a kawar da ita kafin a kai ga gaɓar, a mayar in an gama. Ko a yanke ta a ɗinke, ko a ɓare ta daga jikin ƙashi, ko a sa kurfi a ɓallo ta tare da ɗan guntun ƙashin da take manne da shi.

"Ni ta ukun nake yi," in ji likitan. "Ƙashi da ƙashi sun fi kama juna, kowa ya sani."

"Kowa wa?" ta tambaya. "Na ga wadda aka yanka ta riƙe, na ga wadda aka ɓallo ta saki. Dubi hotonsa, likita. Ƙashin nan kamar katakon da gara ta ci."

"Yaya, kin ajiye aiki, ki ajiye bakin ma," in ji kafintan. "Igiya in ta tsinke aka ƙulla, ƙulli ne har abada. Katako kuwa in ya sha gam sai ya koma ɗaya. Likita, ɗauko kurfinka."

Hannun nasa ne. Ta ƙyale shi.

Aka yi aiki, aka rataye hannun a ƙirjinsa. Mako shida: ba turawa, ba juya shi waje. Ta tare a gidansa tana gadinsa kamar mai gadin fursuna, tana yi masa wanka da tsumma, yana kiranta shugabar 'yan sanda.

A mako na uku ciwo ya ɗauke. Da hantsi ta neme shi ta rasa, sai ta same shi a shago, maratayar hannun a kan benci cikin garin katako. Shekara arba'in bai taɓa sallamar kujera ba sai ya girgiza haɗinta ya ji ko ya kama. Ya kafa tafin hannunsa a jikin bencin.

"Ɗan gwadawa kawai, Yaya."

Kafin ta buɗe baki ya danna. Ba ta ji ƙarar komai ba. Fuskarsa kawai ta gani.

A asibiti likitan ya ce ya ɗora tafinsa a kan cikinsa ya danna. Gwiwar hannun ta zame baya. Ya sake, ta sake zamewa. Hoto ya nuna guntun ƙashin ya rabu, jijiyar ta ja shi ta yi ciki. Za a iya sake buɗewa, amma babu sauran ƙashin kirki da zai riƙe zare. Cokali zai ɗauku. Zarto kuwa, likitan ya girgiza kai.

A bakin ƙofa ta jiyo likitan da wani abokin aikinsa.

"Da yankawa ka yi, da ba haka ba."

"Da ya bar hannun ya warke, da ba haka ba."

Ita ma ba ta san mai gaskiya ba, abin da ya fi ci mata rai ke nan. Ta ɗauko rigar ƙaninta, ta zura masa hannun a hankali, ta shiga ɓalla maɓallan.

"Faɗi mana," ya ce. "Ki ce kin gaya mini."

"Ɗaga haɓarka," ta ce.