Jikin Aro

Idan mutum ya daina jin cewa jikinsa nasa ne, wa za a tuhuma da abin da jikin ya ƙi yi? Na daɗe ina juya wannan tambaya a kan yayana Iliyasu, har yau ban samu amsa ba.

Kafin ciwo, duk Gazara babu mai ɗaurin jinka kamarsa. A kan katanga yake tafiya kamar a kan hanya. Shekarar da aka sauke tutar Turawa tarin fuka ya kama shi, aka kai shi asibiti aka yi ta yi masa allura. Tari ya warke, amma ya dawo ƙasa tana lilo da shi. In ya juya kai sai bishiyoyi su kama tsalle. Likita ya ce maganin ne ya taɓa wani abu can cikin kunne, wanda ke gaya wa mutum inda sama take da inda ƙasa take, kuma ba ya gyaruwa.

"Wannan jikin aro ne," in ji Iliyasu. "Ina ganin ƙafa tana takawa, amma ba ni ke ciki ba."

Lado, taubashinmu, ya ce, "To mai ba da aron bai kyauta ba, ya haɗo maka har da tsohon sanƙonka."

Muka yi dariya, ban da Iliyasu.

Da damina matarsa Hajo ta haifi mace, aka sa mata Adama. Ta miƙo masa ita.

"Malam, karɓi 'yarka."

Ya mayar da hannuwansa baya. "Ba zan ɗora ta a hannun da ban san mai shi ba."

"To zauna ka jingina da bango."

"Ko a zaune faɗuwa nake yi, Hajo. Ku ne ba kwa gani."

Haka yarinya ta iya zama, ta fara rarrafe. Ta kan kamo gefen rigarsa, shi kuwa ya yi ta yi mata magana, hannuwa a baya. Na kasa gane ko tsoro ne, ko wata irin ƙauna ce da ban san sunanta ba. Hajo ta gaji ta daina roƙo.

Da bazara ƙyanda ta shigo gari. Ta kama Adama, wata rana da hantsi ta cika.

Ƙaramin yaro ba a sa shi a makara, a hannu ake ɗaukarsa. Bayan an sallace ta na sunkuya zan ɗauka, sai Iliyasu ya ce, "Bari."

"Yaya, hanyar maƙabarta duk kunyoyin gona ce."

"Na sani. Kai kama ni ta dama, Lado ta hagu. Ku riƙe jikin da kyau. Ita ni zan riƙe."

Muka kama kafaɗunsa. Ya miƙa hannu biyu, liman ya ɗora masa ita.