Gurguwa Ta Gano Tauraro

"Sahura, bar ƙanƙarar nan ki zo."

Ina tsugune gaban firjida ina jera ledojin zoɓo na ji sandar Madam Jeanne tana dukan katangar da ta raba gidajenmu. Na zabura, don na san ciwon zuciyar da ke damunta. Ko kallabi ban tsaya ɗaurawa ba, na zaga ta ƙofar gida a guje.

Na same ta tsaye a tsakiyar ɗakin injinanta, ƙafafunta a kumbure, tabarau ya zame mata zuwa kan hanci, tana dariya har numfashinta na sarƙewa.

"Yaya, lahiya?"

"Lahiya ta yi yawa. Zo ki ga abin da Gurguwa tay yi."

Gurguwa tsohuwar kwamfuta ce, wadda mu nan Dogon Dutsi muke ce wa ordinatar. Ƙafarta ɗaya ta karye tun kafin ta zo gidan, shi ya sa aka tokare ta da rabin bulo. Madam Jeanne ta nuna mini gilashin Gurguwa, rubutun Faransanci ne cike, ni kuwa ban yi lakkwal ba, wato makarantar boko.

"Karanta mini, Yaya."

"Masanan nan ne sunka rubuto. Sun ce cikin aikin da injin wanga ya tace, akwai alamar wani tauraro da ba a taɓa sani ba. Tun da anka yi duniya, Sahura, ba wanda ya san da shi."

"Gurguwa?"

"Gurguwa."

Na dubi injin, ƙura ta yi masa kaca-kaca, yana gurnani kamar tsohon babur. Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba.

Madam Jeanne sakatariya ce, ta yi rayuwarta tana buga takardu a biro, wato ofis, har ta yi ritaya. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ɗanta Landry yana aiki a Yamai. Ita Kirista ce, ni Musulma, amma tun da aka kawo ni unguwar ina amarya nake ce mata Yaya. Landry ne ya fara nuna mata wannan harka a wani zuwa da ya yi, don ta sami abin rage kaɗaici. Bai san abin da ya tayar ba.

Yadda ta bayyana mini shi ne, a wata ƙasa mai nisa masana suna da wani ƙaton faranti da ke sauraron sama. Abin da yake kwasowa ya fi ƙarfin injinansu, sai su gutsura shi ƙanana su aika ta intanet ga duk wanda ya yarda ya ba da aron ordinatarsa. Injinka ya tace, ya mayar musu, su aiko wani.

"Gayya ce," in ji ta. "Gonar ta yi girma, sunka yi kira, kowa ya zo da hauyatai."

Daga nan ta shiga farautar tsofaffin injina. Wani gidan intanet da ya rufe a bakin kasuwa ya ba ta nasa. Ta bi abokan aikinta na da, suka buɗe mata ɗakunan ajiya. Gurguwa kuwa daga garin Ɗan Kassari aka kawo ta a amalanken jaki, tsakanin buhunan wake. Ibrahim mai gyaran rediyo ne ke cire kayan cikin wannan ya sa wa wancan har su tashi. Mutanen unguwa suna ce wa ɗakin maƙabarta, ita kuma tana amsa musu da cewa su zo su ga tashin matattu.

Ni ma da hannuna a ciki. In aka ɗauke wuta, wayar da muka ja ta kan katanga ce ke kai mata wutar fanona, allon nan mai kama hasken rana. A bazara muna jiƙa buhu mu rataya a taga don injinan su sha iska mai sanyi. Sau da yawa ƙanƙarata ta narke saboda su, na yi ta mita, ita kuma ta aiko mini da dambun kopto, wato na zogale, ta kan katanga, maganar ta mutu.

Kafin la'asar ranar da na yi guɗar nan, labari ya gama unguwa. Ibrahim ya rufe shagonsa ya zo yana shafa Gurguwa kamar ɗan rago. Matan cocinsu suka zo da zannuwansu iri ɗaya. Adamu, Bafulatanin da ke kawo mana nono, ya jingine sandarsa ya leƙo.

"Inna, wane gefe tauraron naki yake? In nuna ma yaranmu a ruga."

"Ba a ganinai da ido, Adamu. Ya yi nisa ƙwarai. Sai dai a saurare shi."

"To mu ji."

"Ka yi haƙuri. Sun ce sai sun sake juya farantin wajenai sun tabbatar. Yana yiwuwa shi ne, yana yiwuwa hayaniya ce kawai. In shi ne, za su aiko muna da muryatai."

"Yaushe?"

"Ba su hwaɗa ba."

Nan jira ya fara, kuma nan jikinta ya fara ƙi. Kumburin ya hau har gwiwa. Daga gadonta zuwa ɗakin injina sai ta tsaya ta huta a bakin ƙofa. Amma kowace safiya, kafin in kunna murhu, sandar tana dukan katanga.

"Sahura, zo mu duba ko sun rubuto."

Ni ce na kira Landry ba da saninta ba. Ya iso da motar abokinsa ranar Asabar, ya ga ƙafafun uwarsa, ya fito tsakar gida ya ja ni gefe.

"Tanti, ke ce take ji. Ki ce mata ta shiga mota mu tahi Yamai. Ni na kawo mata wannan abu, ga shi zai kashe ta."

Na shiga na zauna a bakin gadonta. Na ce, "Yaya, ki tahi. In kin warke ki dawo, ni zan kula da su."

Ta kama hannuna. Tafinta sanyi ƙalau cikin wannan zafi.

"Kina wurin sa'ad da likitan Dosso yay yi magana. Mi ya ce?"

Ina wurin kuwa. Ya ce zuciyar ta gaji, ba sauran abin yi sai ƙwayoyi da hutu.

"To ƙwayoyin ga su nan. In na tahi can, kwanciya zan yi in ta kallon silin har ta zo. Nan kuwa ina da abin da nike jira. Kin san rabon da in tashi da sahe ina ɗoki? Tun ina budurwa."

Landry yana bakin ƙofa, ya ji duka. Ya fita, ya daɗe zaune cikin motar. Da ya dawo, jakarsa ce a hannunsa. Ya kira wurin aikinsa ya ɗauki hutu, ya shimfiɗa tabarma a ɗakin injina.

A kwanakin nan ta sa aka ɗauko kujerarta mai hannu aka ajiye gaban Gurguwa, ta kama koya mini aikin. Tun da ba na karatu, sai ta bi da ni ta launi.

"In kin ga layin ga kore yana tahiya, ki bar shi, aiki yakai. In ya tsaya, ki danna nan. In kin ga ja, kada ki yi jarumta, ki kira Ibrahim."

"Yaya, ni da ko sunana ban iya rubutawa ba."

"Sunanki anka tambaye ki? Danna in gani."

Na danna, layin ya motsa, ta tafa mini kamar 'yar lakkwal. Ta raba injinan tun tana da baki: wasu ga Ibrahim, wasu ga makarantar coci, Gurguwa da 'yar'uwarta ɗaya kuma a ɗakina, kusa da firjida.

Saƙon ya zo ranar Juma'a, ana saukowa daga masallaci. Wannan karon Landry ne ya leƙo ta kan katanga.

"Tanti, shi ne. Sun tabbatar."

Na bar tukunya a wuta. Kafin in zaga, Ibrahim ya riga ya hau babur yana shelanta wa layi. Gidan ya cika har waje, maza da manyan riguna na Juma'a, mata da goyo, 'yan kabu-kabu sun jera baburansu a ƙofa. Liman da kansa ya zo ya tsaya a zaure yana tambayar ko gaskiya ne. Adamu ya bar ƙwaryar nononsa a hannun wata ya kutsa ciki.

Madam Jeanne ta ce ba za a kunna komai ba sai ta yi shiri. Na taimaka mata ta sa leshinta na Kirsimeti, na ɗaura mata kallabi, ta ce ya karkace, na sake. Aka ɗauko ta da kujerarta aka ajiye a ƙarƙashin bishiyar bedi. Ibrahim ya jona wayar Landry da lasifikar da yake bayarwa haya a biki.

"Ku yi shiru," in ji Landry. "Tauraron yana juyawa ne, duk juyi ɗaya sai ya aiko da alama. Ita ce masanan sunka mayar sauti."

Da farko shuu kawai muka ji, kamar rediyo ya ɓata tasha. Sai ga shi a ciki. Tak. Tak. Tak. Bai sauri, bai jinkiri, bai kuskure ko sau ɗaya. Tsakar gidan ta yi tsit, har jariran.

Liman ne ya fara magana. Ya ce, "Tsarki ya tabbata ga wanda ya halicce shi."

"Amin, Malam," in ji Madam Jeanne, hawaye na bin kumatunta tana dariya.

Daga nan wuri ya kaure. Matan coci suka ɗauki waƙa, mu muka amsa da guɗa, yara suna tafi daidai da bugun tauraron. Aka yanka zabi, na kwashe zoɓon firjidata kaf na raba. Adamu ya sa aka maimaita masa sautin ya ɗauka a wayarsa don mutanen ruga. Madam Jeanne tana zaune tana rawa da kafaɗu, sandarta na dukan ƙasa. Landry ya ce masanan sun tambayi sunan da za su rubuta cikin waɗanda suka gano shi.

"Ka ce musu Jeanne da Sahura, Dogon Dutsi."

"Yaya, ni mi na yi?"

"Ƙanƙarar wa ta narke?"

Ta ci naman zabo, abin da ta daɗe ba ta yi ba. Da rana ta yi sanyi muka mayar da ita ɗaki, ta ce a bar mata wayar Landry da abin sawa a kunne.

Ta kwana lafiya, ta wuni Asabar tana karɓar baƙi, kowa ya zo sai ta sa masa a kunne ya ji. Ranar Lahadi ta ce ba za ta iya zuwa coci ba, Landry ya je ya yi musu addu'a su biyu. Ya zaunar da ita a inuwa ya tafi, ni kuma na ce zan kawo mata kunu.

Da hantsi na shiga da kwanon. Tana kan kujerarta, kanta ya jingina gefe, hannayenta a cinya, wayar a tsakaninsu.

"Yaya, ga kunun, da tsamiya yadda kike so."

Ba ta amsa ba. Na ajiye kwanon a ƙasa, na taɓa wuyanta, na daɗe ina taɓawa. Na cire mata tabarau, na shafa idanunta suka rufu. Daga can nesa ana jin waƙar cocinsu, ba su tashi ba tukuna.

Na jawo kujerar tsugunno na zauna kusa da ita in jira Landry. Abin kunnen ɗaya ya zame ya faɗo kan kafaɗarta. Na ɗauka na sa a nawa kunnen, ɗayan yana nata. Tak. Tak. Tak. Kunun yana ta huci a gabanmu.