Sunan da Farfesa ya raɗa wa dodon koɗi

Farfesa ya yi sata, kuma ba satar yunwa ba ce. Lokacin da Dakta, mai bincike a sashensa, take asibiti tana jinyar mahaifiyarta, ya shiga ɗakin bincikenta, ya tsamo dodon koɗin teku mai ɗigon zinariya daga tankin gilashi, ya shelanta cewa sabon jinsi ne da duniya ba ta sani ba. A al'adar masana, abin kunya ne mutum ya raɗa wa halitta sunan kansa. Sai ya sa ɗalibinsa ya rubuta bayanin, ɗalibin ya raɗa wa dabbar sunan malaminsa, aka liƙa masa jelar Latinanci, aka buga. Alhali Dakta ta riga ta yi wa mahaifiyar tata, Inna, alkawarin sunanta za ta sa wa dabbar. Yanzu hoton dabbar har a jikin kofin shayin Farfesa yake.

Da safen nan Dakta tana gaban tankunanta tana rabon abinci, ranta wasai. Ta saki ɗan kifi a tankin ƙurya, inda wani dodon koɗi mai launin laka yake kwance cikin yashi, mummuna, ba wanda ya taɓa ɗaukar hotonsa. Ya miƙo dogon bakinsa a hankali kamar mai son gaisawa, ya harba haƙorinsa mai dafi. Kifin ya sandare. Dodon koɗin ya buɗe baki kamar hannun riga ya zuƙe shi.

"A ci lafiya, Malam Shiru," in ji ta.

Tun kafin Inna ta kwanta ciwo Dakta ta yanki 'yar tsoka daga ƙafar kowanne ta adana a kwalabe, don gwajin ƙwayoyin gado. Ta kuwa gaya wa Farfesa ya jira gwajin, domin launin ɓawo riga ce kawai, ba ya nuna dangi. Ya ce ya yi shekaru yana duba katantanwa tun ba a haife ta ba.

Na'urar gwajin ta gama aiki. Dakta ta wanke hannu, ta zauna gaban kwamfuta. Bishiyar dangantaka ta fito, reshe bisa reshe. Mai ɗigon zinariya yana can a cunkushe cikin gama-gari, irin da masunta ke zubarwa daga komarsu, wanda aka raɗa wa suna tun zamanin kakanni. Malam Shiru kuwa yana kan reshensa shi kaɗai, alamar shi ne sabon jinsi. Ta daɗe tana kallo, sannan ta tashi ta dafa shayi.

Tana cikin sha Farfesa ya shigo da kofinsa a hannu.

"Dakta, an ce injinki ya haihu. Mace ko namiji?"

"Ranka ya daɗe, zo ka duba da kanka. Ga kujera."

Ya gyara tabarau ya bi rassan da yatsa. Yatsan ya tsaya. Ya koma ƙasa ya sake hawowa, ya tsaya a wuri guda.

"Kin rikita kwalabe."

"Tsoka biyu daban-daban na sa, amsa ɗaya suka bayar. Kama da wane ba ta wane, Farfesa. Ɗan gidan talakawa ne ya sa rigar biki."

Ya ajiye kofin, ya juya hoton ya fuskanci bango.

"Ki riƙe wannan sakamakon tukuna. Ba gaggawa. Kin san sashen nan yana ƙarancin ɗakuna, kuma tankunanki suna shan wuta. Ni nake kare ki a wurin taro."

Dakta ta dubi tankunan. Idan aka karɓe ɗakin, dabbobin nan ba za su kai mako ba. Ta kurɓi shayi.

"Ko na so riƙewa, ba ya hannuna. Ka manta dokar da ka kafa bara? Duk abin da ya fito daga na'ura ya wuce kai tsaye rumbun da masanan duniya ke dubawa, don kada wani ya riga mu. Da kanka ka sa aka haɗa su. Ya tafi tun kafin ruwan shayina ya tafasa."

"Wa zai kula da shi cikin dubbai?"

"Masu jin haushin ka riga su. Kai ka san yawansu."

Ya miƙe ya kama hanyar fita. Har ya kai ƙofa ta ce, "Ranka ya daɗe, kofinka." Bai waiwayo ba.

Da la'asar ta hau motar haya ta koma gida. Ta tarar da Inna a tsakar gida tana shan iska, sandarta a gefe. Ta zauna kusa da ita ta ba ta labari, ta nuna mata hoton Malam Shiru a waya.

Inna ta kawo wayar kusa da ido, ta yamutsa fuska. "Auta, shi ya kwashi kyakkyawan, ni kuma wannan kashin tukunyar za ki ba wa sunana?"

"Na wancan aro ne, Inna. Wannan shi ne na gaske, ba irinsa ko'ina."

"Yana da dafi?"

"Duk tankunan ba kamarsa. Kuma ba ya hayaniya, sai dai a ga kifi ya faɗi."

Inna ta yi dariya har da tari. "To, sa masa. Da babanki yana raye, da ya ce yau an yi suna daidai da mai shi."

Ba a karɓe ɗakin ba, domin sabon jinsin a cikinsa yake, kuma sashen yana taƙama da shi. Sunan Farfesa kuwa an soke shi. Sai dai a ƙa'idar masana, sunan da aka buga ba ya gogewa. Yana nan a ƙarƙashin na gama-garin, da shekararsa, a matsayin kuskure, duk ɗalibin da ya zo sai ya karanta shi.