Bel Ɗin da Ke Bayan Mota

Matata Majvor ta rasu ranar Alhamis, tara ga Maris, a zaune, bayanta jingine da bangon bukkarmu ta katako da ke hayin tafki, shebur a kan cinyarta. Ta riga ta kwashe dusar ƙanƙarar da ke kan rufin tas. Ko a mutuwa ba ta bar aiki rabi ba.

Ƙanenta Sixten ne ya same ta. Likita ya ce zuciya ce. Ya ce mace mai shekara sittin da takwas ba ta tafiyar kilomita goma sha huɗu a kan katakan zamiya, waɗanda ake ɗaurawa a ƙafa a bi kan ƙanƙara, sannan ta hau rufi da shebur. Na ce masa ai ga shi ta yi.

Da babur ɗin ƙanƙara ya kamata ta je, kamar kowa a ƙauyen nan. Tana da shi kuwa. Lokacin kaka ta saye shi a hannun wani mutumin garin Sorsele, tsohon abu mai shekara talatin, wanda ɓeraye suka fi mai shi amfani da shi. Ta tura shi gareji ta kwance shi har ƙusa ta ƙarshe. Ita ta yi shekara arba'in tana gyaran injinan yankan katako, ni na yi shekara arba'in ina koya wa yara adabin da ba su roƙa ba. Haka muka raba gidan: ita gareji, ni ɗakin littattafai, mu haɗu a kicin mu yi wa juna gori.

Ta canja fistin, ta wanke kafireto, ta shafa masa fenti ruwan ɗorawa. Sannan ta yi abin da ya dame ni. Ta ƙara wa kujerar tsawo, ta sa mata majingina, ta ɗaura mariƙa biyu a gefe, ta zura musu waya don su riƙa ɗumi.

"Wannan kujerar ta baya ta wa ce?" na tambaye ta daga bakin ƙofa.

"Ta wani tsoho ce mai ƙorafin sanyin hannu."

"Ba zan wuce ta gaban gidan mai a bayan mace ba."

"To ka koyi tuƙi."

"Na karanta yadda ake yi."

"Ka karanta yadda ake iyo ma, Malam, amma ni na tsamo ka." Ko ɗago kai ba ta yi ba. "Bana da kai za a kwashe rufin nan. Shekara talatin kana kwana a ƙarƙashinsa da rani, ba ka taɓa hawansa da hunturu ba."

Abu ɗaya ya rage mata, bel ɗin da ke ɗaukar ƙarfin inji ya kai wa sarƙar robar da babur ke tafiya a kanta. Na da ya tsattsage. An daina yin irinsa, sai da ta yi ta nema kafin ta samu guda a wani kanti a kudu. Mu nan, saƙo a kantin cefane ake karɓarsa, ni kuma ni ke cefane.

Ranar Litinin na karɓo shi. Na tsaya a bakin mota da ƙunshin a hannu, na hango mazan da ke shan kofi a gidan mai, waɗanda rabinsu na taɓa kayar da su a jarrabawa. Na buɗe but ɗin motar, na tura ƙunshin ƙarƙashin bargo. Lissafina mai sauƙi ne. Sixten ya ce ranar Lahadi ba shi da aiki, zai kai ta a nasa babur ɗin. Kwana shida kacal nake bukata.

"Ya iso?" ta ce da na shigo.

"Bai iso ba."

Na maimaita Talata, na maimaita Laraba. Ranar Larabar rediyo ya ce Juma'a za a yi dusa mai ruwa, irin mai nauyin da ke karya rufi. Alhamis da safe ta cika fulas, ta ɗaura katakan zamiya. Ta leƙo ɗakina ta ce, "Akwai miyar wake a tukunya. Ka ɗumama, kar ka ƙona."

Na ce to. Ina tsakiyar shafi.

Shekara guda ban buɗe garejin ba. Mutane sun kawo gurasa da ta'aziyya, na ci gurasar. Limamin coci ya karanto mini abin da na fi shi sani da ka. Na ɗauka littattafai za su yi mini wani abu, tunda yawancinsu kan mutuwa aka rubuta su, sai na tarar marubutan dukansu da ransu suka yi rubutun. Ƙunshin kuwa yana nan a but. Na kai motar an duba lafiyarta da shi a ciki, na je cefane da shi sau hamsin da biyu.

Maris ya dawo da dusarsa. Sixten ya shigo ba sallama, kamar yadda ya saba, ya zauna a kujerar yayarsa.

"Malam, rufin nan ba zai kai bikin Ista ba."

"Ka je ka kwashe."

"Da wace kafaɗar? Kuma da wane babur?" Kafaɗarsa ɗaya ta daɗe da lalacewa, babur ɗinsa kuwa ya sayar tun satin da ya ɗauko gawarta da shi. "Ko ka biya wani baƙo ya hau rufin da ubanmu ya kafa, ko mu tada nata."

Na ce ba baƙon da zai hau. Ban san ni ma ina da wannan ra'ayin ba sai da na ji shi a bakina.

Muka buɗe garejin. Komai na inda ta bar shi, ƙusoshi a gwangwanayen kifi, kowane da rubutunta a jiki. Man da ke tanki ya daskare ya zama kamar danƙo, ɓeraye sun dawo sun ci soson kujerar baya. Kwana huɗu muna kai. Sixten na ba da umarni da hannu ɗaya, ni ina aikatawa da hannuwa biyu marasa amfani.

"Hagu ake kwancewa, suruki. Hagun yau irin na jiya ne."

"A rubuce babu inda aka ce haka."

"Babu, don ba su zata mai digiri zai taɓa shi ba."

Na wanke kafireto sau biyu, don na farko na mayar da allurar a juye. Na ɗinke kujerar da fatar barewar da ta tanada. Da na lalubo wayoyin mariƙan baya, sai na ga ta naɗe su da kyau fiye da na gaba, ninki biyu. A rana ta huɗu Sixten ya ja igiya, injin ya yi tari, ya kama, garejin ya cika da shuɗin hayaƙi. Sai ya kashe.

"Saura bel. Wanda ta yi oda dai ya ɓace a hanya, ko?"

"Haka ne."

Na kira kantin nan na kudu. Suka ce na ƙarshe suka sayar bara, sabo sai bayan mako shida. Kafin mako shida ƙanƙarar tafki ta fara ruɓewa, rufin kuma ya daɗe da zama a ƙasa.

Washegari da hantsi na buɗe but. Takardar jikin ƙunshin na ɗauke da ranar da aka karɓa, shida ga Maris, da sa hannuna, mai kyau, irin na malamai. Na fito da wuƙar aljihu. Abu ne na minti guda: in ɓare takardar, in ce bayan jana'iza ya iso na manta. Na daɗe a tsaye har yatsuna suka daina ji. Sai na mayar da wuƙar, na kai ƙunshin yadda yake, na ajiye a kan teburin aikinta.

Sixten ya sa tabarau ya karanta. Ya daɗe a kan layi biyu fiye da yadda ɗalibaina suke daɗewa. Ya cire tabarau ya sa a aljihu.

"Miƙo mini sifana goma sha uku."

Bel ɗin ya zauna daram.

Asabar muka tafi. Shi ya tuƙa, don hanya tana son wanda ya san inda ruwa ke gudu a ƙarƙashin ƙanƙara. Ni na zauna a baya. Muka wuce ta gaban gidan mai. Mutum uku ne a wajen, ɗaya ya ɗaga mana hannu, biyu ba su ma waiwayo ba. Abin da na guje wa ke nan.

Muna hawa tafki mariƙan suka fara ɗumi. A hankali ya ratsa safar hannu ya kai tafin hannuna. Kilomita goma sha huɗu hannuna bai yi sanyi ba. Minti ashirin da biyar ne tafiyar. Na duba agogo, don ni irin mutanen nan ne.

Bukkar ta nutse har rabin taga, ƙofar ta ƙi buɗuwa saboda nauyin sama. Sixten ya jingina tsani, ya miƙo mini shebur ɗinta.

"Kai kaɗai. Daga baki ake farawa, ɓangare-ɓangare, kar ka sauke gefe ɗaya ka bar ɗaya."

Ya share wuri a jikin bango ya zauna da fulas. Na san wurin. Awa uku ina yankan dusa ina turowa, ina jin katakon rufin yana saki kamar mai ajiyar zuciya. Da na sauko ban iya riƙe kofi ba, sai da ya tallafa mini.

"Ta sani fa," ya ce, yana kallon tafki.

"Ta san me?"

"Ranar Laraba ta kira ni. Ta je ɗauko bargo ta gan shi. Na ce to ki ɗauka ki sa mana. Ta ce a'a, a bar Malam, in girman kansa ya huce zai kawo da hannunsa."

"Ƙarya kake, don in samu sauƙi."

"Ka ga alamar ina son ka samu sauƙi?"

Na karanta isassun labarai na san yadda ƙaryar tausayi take kama, amma har yau ban yanke hukunci a kan wannan ba. In ƙarya ce, ta mutu tana zaton kantin kudu ne ya makara. In gaskiya ce, to da ta leƙo ɗakina da maganar miya, ba miya ta zo yi ba. Ta ɗan tsaya a bakin ƙofa. Na tuna, don inuwarta ta faɗo kan shafin, na matsar da littafin.

Sixten ya tashi ya je duba mai. Na zauna inda ya tashi, na jingina bayana da bangon. Kalma shida ce, na ƙirga. Ba ta buƙatar ilimi, yaron aji ɗaya zai iya faɗinta.

Majvor, ya iso, yana bayan mota.