Baƙuwa a Kamfanin Mijinta

Duk shekara idan zafi ya fara kankama, ni nake gasa kajin taron masu hannun jari na kamfanin Tillery. Ni ma ina cikin masu jarin, ko da yake nawa bai taka kara ya karya ba. Abokina marigayi Virgil Tillery ne ya tare mu a ƙofar coci, lokacin da yake harhaɗa wayoyi a garejin gidansa, ya yi ta yi mana daɗin baki har muka saya. Don kunya muka saya, ba don mun gane ba. Har yau idan aka tambaye ni me kamfaninmu yake yi, sai in ce wasu 'yan akwatuna ne da suke taimaka wa sojoji su ji motsin ƙananan jiragen nan marasa matuƙi. Iyakar abin da aka yarda mu sani ke nan. A garinmu Huntsville wannan ba abin magana ba ne, don rabin mazan garin ba sa iya gaya wa matansu abin da suka wuni suna yi.

Taron bana ya zo da magana. Wani ƙaton kamfani daga jihar Virginia ya taya namu, kuma kowa ya san abin da zai biyo baya idan aka sayar: su kwashe aikin su kai can, su rufe ginin, su sallami ma'aikata. Wendell, ɗan Virgil, wanda yake riƙe da kamfanin tun rasuwar ubansa, shi za a fara nuna wa ƙofa. Mafi yawan jarin kuwa yana hannun uwarsa, Odessa. Inda ta karkata, can ƙuri'a za ta faɗi. Kuma ta riga ta faɗa a coci, a gaban mata, cewa ita ta gaji.

Na iso da tirena na kaji da wake da burodin masara, na tarar da ita a bakin ƙofa cikin hularta mai faɗi, suna ja-in-ja da Renita. Renita ita ce jami'ar tsaron kamfanin, mace ce da ban taɓa ganin haƙoranta ba. Ka'idar gidan ita ce duk wanda gwamnati ba ta tantance ba, zai ajiye wayarsa a wani ɗan akwati, a rataya masa jan kati a wuya, a kunna wata jar fitila mai juyawa a saman rufi, sannan Renita ta wuce gaba tana shela don injiniyoyi su rufe abin da ke gabansu.

"Baƙi a ciki! Baƙi a ciki!" in ji Renita, da murya kamar mai tallan jarida.

Odessa ta ja birki. "Ke yarinya, wace ce baƙuwa?"

"Ka'ida ce, Mama."

"Sunan wa aka rubuta a jikin ginin nan? Ba sunan da nake amsawa ba ne? Ni na ɗinka labulen ofishin farko. Garejina aka cinye, motata ta yi ta kwana a waje ruwa yana dukanta. Yau ni ce baƙuwa?"

"Ko ni na zo gidanki, Mama, ai sai na ƙwanƙwasa."

"Amma ba na kunna miki fitilar motar kashe gobara!" Ta juyo gare ni. "Hosea, kana ji ko? Ka tsaya kana washe baki da kajinka."

Na ce ni ban ji komai ba, hayaƙin gashi ya toshe mini kunne. Ta ja tsaki, ta sunkuyar da kai aka rataya mata katin. Gaskiya na ji tausayinta, don duk shekara sai an yi wannan, kuma duk shekara abin yana ƙona mata rai kamar yau aka fara.

A ɗakin cin abinci ake taron, shi kaɗai ne ɗakin da babu sirri a ciki sai na miyar da nake shafa wa kaza. Tsofaffin malaman makaranta, 'yan ƙungiyar mawaƙan coci, Mabry mai aski, duk sun hallara da jajayen katunansu. A gefe ga wakilin masu saye, wani Mista Kessler, ya sha kwat a wannan zafi yana ta rabon murmushi. Renita ta ja kujera ta zauna a sahun gaba, daidai saitin Wendell, ta harɗe hannu.

Wendell ya tashi. Kafin ya ce komai sai da ya karanta abin da lauya yake tilasta masa kowace shekara: wai duk abin da zai faɗa game da gaba hasashe ne, yana iya faruwa, yana iya ƙin faruwa, kada kowa ya riƙe shi da shi.

"To mu ci kaza mu watse mana!" in ji Mabry daga baya. Aka kwashe da dariya.

Labarin bara ba daɗi. Majalisa ta yi ta jan ƙafa a kan kasafin kuɗi, ma'aikatar tsaro ta jinkirta oda, ciniki ya ja baya. Duk da haka kamfani ya ɗauki sababbin injiniyoyi, ya kuma ƙara gini a baya, wani ɗaki mara taga mai ƙofar ƙarfe. Saboda haka bana ma babu rabon riba.

"Tsaya, ɗan Virgil," in ji Mabry. "Ciniki ya ragu, ka ƙara ma'aikata. Ni idan kawuna suka ragu ba na ƙaro kujera. Me kake jira?"

Na san Wendell tun yana rarrafe. Idan yana da labari mai daɗi, ƙafarsa ta hagu ba ta zama wuri ɗaya. Ran nan kuwa rawa take kamar an kunna mata inji. Ya buɗe baki ya ce, "Akwai wani abokin hulɗa da muke..."

Renita ta yi gyaran murya.

"Wato, a watanni masu zuwa, muna sa ran wani..."

Ta sake yin gyaran murya, wannan karon da ƙarfi.

"Muna da kyakkyawan fata," in ji Wendell, gumi yana tsattsafo masa.

"Hosea, ba yarinyar nan shayi mai sanyi, maƙogwaronta zai tsage," in ji Mabry.

Haka aka yi ta yi. A yi tambaya, Wendell ya ɗauko amsa, Renita ta yi tari, amsar ta koma ciki. Wata tsohuwar malama ta tambaya ko me ake yi a sabon ɗakin. Ya ce ba zai iya cewa ana yin wani abu ba, ba kuma zai iya cewa ba a yi ba. Ta ce ta koyar da shi lissafi a aji huɗu, kuma ko a lokacin amsoshinsa sun fi wannan ma'ana.

Da Mista Kessler ya tashi, sai ka ce an buɗe famfo. Shi babu mai yi masa tari. Ya nuna hotuna masu launi, ya yabi marigayi Virgil wanda bai taɓa gani ba, ya yabi kazata wadda bai taɓa ba tukuna, ya ce kowa zai koma gida da abin da zai huta da shi. Na duba fuskokin mutane, na ga sun fara laushi. Ni kaina sai da na tuna rufin shagona na gashin kaji da yake yoyo. Haushin kaina ya kama ni, na shiga goge tire da ƙarfi.

Odessa ta miƙe. Ba ta dubi Kessler ba, ɗanta ta duba.

"Wendell, zo nan."

Ya sauko, ƙato da shi da furfura a gemu, ya tsaya a gabanta kamar wanda ya fasa kofi.

"Ubanka ya yi zamansa da ni har ya koma ga Allah, ban taɓa sanin me yake yi ba. In tambaye shi yaya aiki, ya ce lafiya. Wata rana ya dawo yana rawa a kicin, ban san dalili ba. Wata rana ya zauna a mota a ƙofar gida ya kasa shigowa, ban san dalili ba. Na yi masa murna a makance, na yi masa jaje a makance. Kai ma ka ɗauko halinsa. To na gaji. Ga kunnena." Ta ɗaga gefen hularta. "Raɗa mini abin da ke cikin ɗakin can. Ni kaɗai. Idan ka faɗa, ba na sayarwa."

Renita ba ta yi tari ba. Ta dai zuba wa Wendell ido, mu ma muka zuba masa. Ni a raina cewa nake, kai yaro, faɗa mata mana, wa za ta gaya wa, ai ko sunan maganin hawan jininta ba ta iya riƙewa.

Wendell ya sunkuya har bakinsa ya kusa taɓa kunnenta. Ya daɗe a haka. Sannan ya ɗago, idonsa ya yi ja.

"Mama, ki yi haƙuri. Ba zan iya ba."

"Ko da zan sayar?"

"Ko da za ki sayar."

"Ni na haife ka fa."

"Na sani, Mama. Amma na yi rantsuwa, kuma akwai 'ya'yan wasu a can nesa da ransu ya rataya a kan bakina."

Mista Kessler ya fara zare murfin alƙalaminsa a hankali. Kada wani ya ce gwada shi take yi, na san Odessa, da gaske take, kuma ranta ya ɓaci ƙwarai.

"Kai da ubanka, Allah ya shirye ku," in ji ta. Ta juya ga Kessler. "Kai, bawan Allah. Idan na sayar muku, za ku gaya mini?"

Ya yi 'yar dariya. "Ai Madam, idan kin sayar, ba ruwanki da wannan ɗawainiya. Ki huta abinki."

"Ban tambaye ka hutu ba. Za ku gaya mini?"

"A'a, Madam. Ɗakin ma kwashe shi za mu yi."

"Wato in mutu ban sani ba."

Ta jujjuya jan katin da ke wuyanta, sannan ta dubi Renita.

"Ke mai tari. Su waɗanda suke shiga ɗakin, da ƙaho aka haife su?"

"A'a, Mama. Gwamnati ce take tantance su."

"Ni me zai hana a tantance ni?"

"Sai mutum yana da muƙamin da yake buƙatar haka. Kamar shugabar hukumar daraktoci."

"Wa yake naɗa ta?"

"Masu jari, Mama."

"Wa ya fi kowa jari?"

Mabry ya buga tebur. "Na kawo sunan Odessa Tillery!" Ni kuma na ɗaga cokalin miya sama na ce na goyi baya. Lauya ya tashi yana cewa ba haka tsarin yake ba, sai an ba da sanarwa, sai an yi kaza da kaza. Odessa ta ce ya je ya yi kazansa, ita dai ga matsayarta: ba ta sayarwa sai ta shiga ɗakin can da ƙafarta ta gani da idonta. Sai bayan nan za ta yanke shawara. Aka kaɗa ƙuri'a a kan tayin Virginia, ya sha ƙasa. Mista Kessler ya mayar da murfin alƙalaminsa, ya zo ya karɓi cinyar kaza, ya ci a tsaye. Ya ce da daɗi, kuma wannan karon na yarda da shi.

Renita ta matso ta fara yi wa Odessa bayani. Za a tono duk inda ta taɓa zama, da duk ƙasar da ta taɓa zuwa. Jami'ai za su bi maƙwabta da 'yan coci suna tambayar halinta.

"Su zo wurina," in ji Mabry. "Ina da labarin abin da ta yi wa matar fasto a gasar kek."

"Ka buɗe baki in fasa maka madubin shago," in ji Odessa. "Ke kuma, yaushe za a gama?"

"Ba a sa musu rana, Mama. Wani shekara guda, wani fiye. Balle ke da tarihinki yake da tsawo."

"Tsufa kike nufi. To ki gaya musu ina nan. Ba na sayarwa, ba na mutuwa, sai na gani."

Ta ɗauki farantinta ta nufi teburin matan coci, ko kallon ɗanta ba ta yi ba. Wendell ya zo kusa da ni ya jingina da bango, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Na zuba masa shayi mai sanyi, ya kwankwaɗe.

"Kawu Hosea, ta yi fushi da ni."

"Ta yi. Ranar Lahadi ka je ka yanke mata ciyawa, kada ka ce komai. Ai ka iya wannan."

Ya yi murmushin da bai kai ciki ba. Renita ta zo wucewa, ya tsayar da ita, ya rage murya.

"Renita, maganar takardun tantance Mama. A bi ka'ida sosai. Kada a tsallake komai."

"Ban taɓa tsallake komai ba."

"Na sani. Ina nufin... babu gaggawa."

Daga can teburin mata, ba tare da ta waiwayo ba, Odessa ta ɗaga murya. "Ina jin ka, Wendell. Gobe da safe za a fara, kuma kai za ka kawo ni."