Inuwa a Idon Hagu

Zuliha ta daɗe tana buga wa mutane takardu a wani ɗan shago kusa da layin dogo a Agege. Tun safe take zama gaban kwamfuta, ba ta ɗagowa sai an kira azahar. Da ciwon kai ya fara matsa mata, sai ta ɗora laifin kan hayaƙin janareto. Daga baya idanunta suka riƙa yaji, haruffa suna yi mata rawa.

Maƙwabcin shagonta Haggai, mai gyaran waya, mutumin Kudancin Kaduna, ya shigo aron kujera ya tarar da ita tana murza ido.

"Anti, bari in duba miki wani abu."

Ya saita kyamarar wayarsa kan gilashin kwamfutar. A ido gilashin fari ne tas, amma a cikin wayar wasu baƙaƙen layuka ke gangarowa, ɗaya bayan ɗaya, ba tsayawa. Ashe abin da take zura wa ido kullum ke nan.

"Ƙiftawa yake yi," in ji Haggai. "Ba kya gani, amma ido na shan wahala. Ki canja shi, ki kuma je a duba ki."

Gilashi ta canja. Asibiti kuwa ta ce sai bayan Sallah, don katunan biki sun yi mata yawa. Ciwon kan ya lafa, ta manta.

Wata ranar Laraba da rana tsaka aka ɗauke wuta. Tana zaune tana fifita, sai wani haske ya wulga ta gefen idonta na hagu, kamar walƙiya. Ya sake wulgawa. Sai ga wasu baƙaƙen ɗigo suna yawo, ta kai hannu ta kore su, ba ƙudaje ba ne.

Ta kira Haggai, ta ce sabon gilashin ma ƙiftawa yake yi. Ya dubi kwamfutar, ya dube ta.

"Anti, ai babu wuta. Ba abin da ke kunne."

A hankali ta rufe idon dama da tafin hannu. Ga ƙofa, ga motocin haya na danfo na wucewa, amma gefe guda ya yi duhu kamar an ja labule, kuma rabin fuskar Haggai na cikin duhun.

Shi ya rufe mata shago, ya tare mata keke mai ƙafa uku zuwa asibiti.

Likitar ido ta daɗe tana haska ta kafin ta yi magana. Ta ce wannan ba aikin kwamfuta ba ne, wani siririn shimfiɗi ne a can bayan ido ya fara ɓarewa, kuma sai an yi aiki kafin ya kai tsakiya.

"Tun yaushe kike ganin ɗigon nan?"

Zuliha ta buɗe baki za ta ce yau, sai ta tuna ta gan su tun cikin azumi.

A kan bencin jira ta kira mijinta Misbahu. Waya na ringin, ta sake rufe idon dama. Duhun ya ƙara matsowa.