Kayan da Silvanus Ya Ɗauko a Bama

Regina ta ajiye littafin sallamar soja a kan bencin mai gadi, a tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan. Malamar makaranta ce a Kagoro, irin masu gyara wa fasto Turanci yana cikin wa'azi.

Wata takwas ke nan da aka binne ubanta Silvanus, wanda ya ƙare kwanakinsa a gidan burkutu, wuya a karkace, yana labarin mutanen da ya ceto a yaƙin Bama, zamanin yaƙin duniya na biyu. Wa zai yarda? Ranar biso, wato jana'izarsa, maharba suka zo za su harba bindiga, yadda ake yi wa jarumi. Ita ce ta tare su. Wai ta karanta littafin, ɗan dako ne kawai, ko bindiga bai taɓa riƙewa ba. Mata suka kama baki.

Daga baya ta ga wani suna a bayan littafin: Ƙasimu, Reluwe. Shi ya hana ta sakat.

Mai gadin, Ƙasimun da take nema, ya gyara ƙafarsa ta katako, ya ƙura mata ido.

"Ke ce Malama? Goshin nan nasa ne. Ina tsohon banzan? Bai zo da Kirsimeti ba."

"Ya rasu, Baba."

Ƙasimu ya cire hularsa, ya ɗora a gwiwa.

"Baba, gaskiya nake so," in ji ta. "Takarda ta ce kaya yake ɗauka."

"Takarda ba ta yi ƙarya ba. Da harsashi ya farfasa mini ƙafa, aka ce kowa ya ja da baya. Ubanki ya jefar da akwatin Bature a kogi, ya saɓa ni a kafaɗa. Kwana biyu. Ya koma ya ɗauko wasu uku. Kin zaci da wuyan nan aka haife shi?"

Regina ta buɗe jaka, ta rufe.

"Duk shekara sai ya cika mini kunne," in ji tsohon. "Wai 'yarsa ta yi boko, ita za ta rubuta labarinsa. Ya gaya miki duka?"

"Ya gwada, Baba."

"Bindiga nawa aka harba masa?"

Malama mai baki ta ɗauki littafin daga kan benci, ta miƙe.

Motar Kagoro ta cika ta tashi ba ita. An dai gan ta a kasuwa, cikin layin maharba, tana tambayar inda ake samun albarushi.